Wankin Na-Allah

Duk wanda ya saba cin kasuwar Malanville ya san tsohon nan mai yawo da tsinken ƙarfe a hannu, wanda in ya ga jarkar maganin feshi yashe a gefen hanya sai ya tsuguna ya huda mata gindi sau uku, ya miƙe ya wuce bai ce wa kowa uffan ba. 'Yan kabu-kabu suna cewa kansa ya taɓu. Ba su san komai ba, yawancinsu ma ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Waɗanda suka san shi tun yana da rumfa sun san kansa lafiya lau, kuma ba sa dariya in ya zo wucewa.

Sunansa Na-Allah. A Malanville aka haife shi, a gidan 'yan kasuwa da suka daɗe da zama a garin har Dendancinsu ya fi na wasu Dendawan daɗi. Mahaifinsa ƙorai da tuluna yake sayarwa. 'Yan'uwansa duk suka bi albasa, suna loda manyan motoci zuwa Kwatano, suna dawowa da agogo da tumbi. Shi kuwa ya tsaya a rumfar tsoho yana kankare ƙwarya, don tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar ya ga mazubi ya fita fes a hannunsa. Da roba ta shigo, mata suka juya wa ƙwarya baya, bai tsaya kuka ba, ya bi su inda suka nufa. Ya koma sayar da tsoffin jarkoki, waɗanda mutanen garin ke kira bido.

A shekarun da ƙasa ta koma mulkin zaɓe noman auduga ya bunƙasa a wajen Kandi, masu albasa da masu shinkafa na Garou su ma suka kama feshi, sai jarkokin maganin ƙwari suka yi yawa. Kuma kowa ya shaida, ba jarkar da ta kai su kauri. Ba sa yoyo, murfinsu na kamawa gam, in suka faɗo daga bayan keke ba sa fashewa. Mai man gyaɗa na so, mai zuma na so, masunci na so ya zuba ruwan sha. Masu sayar da su sun kai goma a layin, amma a wurin mutum ɗaya ake yin cincirindo.

Dalili shi ne wanki. Sauran masu jarka ɗauraya suke yi su kife, shi kuwa Na-Allah aiki ya ɗauke shi. Da sassafe zai tura kurarsa zuwa bakin gulbi, ƙasa da gadar da ake ƙetarawa Gaya. Zai zuba yashi da toka ya girgiza har kafaɗa ta gaji, ya zubar, ya sa kanwa da ruwan zafi ya sake girgizawa, ya bi da sabulu, ya ƙarasa da ganyen lemun tsami. Daga nan jarka ta yi kwana uku a rana baki buɗe. Wadda ta gama wannan zagaye sai ya ɗora ƙusa a wuta ya yi mata ɗan tabo a ƙarƙashin mariƙi, alamar cewa ta bi ta hannunsa. Ba shi da mota, ba shi da gidan siminti. Abin da ya mallaka magana ɗaya ce, kuma yakan faɗe ta ko ba a tambaye shi ba: tun da ya fara wanki, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce abin da ya fita hannunsa ya sa masa ko da ciwon ciki.

Sai kuma maganar takarda. Kowace jarka takan zo da takarda manne a jikinta, da rubutun Faransanci tsit-tsit, da ratsin ja ko rawaya ko shuɗi a ƙasa, da hoton ƙoƙon kan mutum bisa ƙasusuwa biyu. Wace mace ce za ta shigar da kan gawa ɗakinta ta zuba masa mai? Don haka dole takarda ta fita. Wasu da wuƙa suke kankarewa, su bar jarka duk zane. Na-Allah jiƙa ta yake yi, ya bi gefe da gindin cokali a hankali har ta saki gaba ɗayanta ba ta yage ba, jikin jarka ya fito sumul kamar ba a taɓa liƙa masa komai ba. Da yake mutum ne da ba ya iya yar da abu mai kyau, sai ya riƙa jiƙa ƙaro yana manna takardun a bangon kwanon rumfarsa, wai don su toshe hujin da ruwan sama ke shigowa. Huji ya daɗe da toshewa, shi bai daina mannawa ba. Bangon ya cika da launi, har 'yan Gaya masu dako sukan zo shan inuwa su yi ta kallo.

Matarsa Bilki ƙuli-ƙuli take yi tana tatsar man gyaɗa. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a ƙetare, don haka su biyu ne rak a gidan. Bilki ta yi suna da hanci. Mahauta na ganinta suke ɓoye naman jiya. Masu kifi sun gaji da ita, ta ɗauki ragon ruwa ta kai hanci ta ajiye ta ce wannan da daddare ya mutu, kuma haka ne. Gyaɗa, daddawa, garin rogo, hatta sabon zane sai ta sunsuna kafin ta saya. Abu ɗaya ne a duniya ba ta kai wa hanci, shi ne abin da mijinta ya wanke. Tun tana amarya ta taɓa ɗaukar ƙwaryar da ya kankare ta sunsuna, ta ga yadda fuskarsa ta canza, ba ta sake ba. Shekara talatin da wani abu ke nan.

Abin dariyar shi ne, matar mai jarka ita ce ta fi kowa tsohuwar jarka a unguwar. Tata ta man gyaɗa ta tsage a wuya, da tsumma take ɗaure ta. Ta yi magana ta gaji. Kullum sai ya ce gobe, gobe kuwa in mai kyau ta fito sai wata ta riga ta a kasuwa, shi kuma ba ya iya ce wa mai saye a'a.

A wata damina labari ya riƙa zuwa daga ƙauyukan auduga, wai gida guda sun ci tuwo sun kwanta, wai wasu ba su tashi ba. Na-Allah ya ji, ya yi musu addu'a, ya ce aikin masu ɗauraya ne. Bayan an cire amfanin gona sai ga wani ma'aikacin gona ya shigo layin masu jarka a kan babur, da jaka a rataye. Sunansa Oumarou, ɗan Madécali ne, ɗan manomi da ya yi karatu. Ya bi rumfa rumfa yana gaisuwa, da ya iso ta Na-Allah ya ga bangon sai ya tsaya cak.

"Baba, wa yal liƙa waɗanga takardu?"

"Ni da hannuna," in ji Na-Allah, yana jin daɗin tambayar.

"Ka san abin da anka rubuta cikinsu?"

"Na san ja, na san rawaya, na san shuɗi. Sauran na 'yan lakkwal na, masu karatun boko."

Oumarou ya matsa ya sa yatsa a kan ɗaya, ya karanta yana juya masa da Hausa. An ce kada a zuba ruwa ko abinci a cikin jarkar nan ko da an wanke ta. An ce in magani ya ƙare a huda ta a binne. An ce in wani ya sha, a garzaya da shi asibiti tare da wannan takarda. Sannan ya ce doka ta hana cire takardar, ta hana sayar da jarkar, kuma an ba shi umarni ya dawo ranar kasuwa mai zuwa da jandarma, duk wadda aka samu a huda ta.

Na-Allah ya saurara har ƙarshe, don shi ba mai katse mutum ba ne. Sannan ya kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce, "Mushe, takarda maganar abin da ke ciki takai. Abin da ke ciki ya tahi, ya bi gulbi. In na bar ta manne, ƙarya za ta yi ma mutane."

"Roba tana shan magani, Baba, kamar yadda sabuwar tukunya ka shan ruwa. Wanki ba shi hidda shi dut."

"Wankin wa?"

Oumarou ya gyara jakarsa a kafaɗa. Rana ta yi zafi, gumi na zubo masa, sai Na-Allah ya jawo jarkar da shi kansa yake shan ruwa a ciki, ya tsiyaya a moɗa ya miƙa masa. Oumarou ya dubi moɗar, ya dubi jarkar, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya gode, ya sha a hanya. A gaban masu dako aka yi wannan. Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Na-Allah ya ɗaga moɗar ya shanye tas, ya kife ta, bai sake duban baƙon ba har ya tashi babur ɗinsa.

Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Bilki ta bar shi ya gama hucinsa, sannan ta tambaya, ya kwashe duka ya faɗa mata, ya fi nanata maganar moɗa.

"Yaro na, Malam," ta ce. "Abin da anka koya mishi shika hwaɗi. Shi ina yas san wankinka?"

"Cewa yay yi za su huda su dut. Har da sababbin ga shida da nis samo daga Kandi."

"To ai ba a huda abin da ba a gani ba."

Ita ta faɗa da wasa ne don ya saki rai ya ci abinci. Shi kuwa ya riƙe maganar.

Jarkokin nan shida wani sabon samfuri ne, farare, masu kauri, da mariƙi mai ƙaton baki da hannu ke shiga daidai. Bai taɓa samun irinsu ba. Ya yi musu wankin da bai taɓa yi wa wasu ba, ya ƙara musu kwana ɗaya a rana, kamar Oumarou na tsaye yana kallo. Takardunsu sun riga sun hau bango sun shige cikin 'yan'uwansu. Ana saura kwana biyu jandarma su zo, ya zuba su a buhu ya kai gida ya tura ƙarƙashin gado. Sannan ya yi tunani, ya zaro wadda ta fi kyau ya kai wa Bilki a bakin murhu.

"Ga bidonki. Ki bar cewa gobe nika ce miki."

Bilki ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta shafa tabon ƙusar da yatsa. Ta ce ashe sai gwamnati ta sa baki mijinta zai tuna da ita, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ya yi dariya, rabonsa da dariya tun ranar moɗa. Washegari ta tatsi mai, ta juye shi da ɗuminsa a sabuwar jarka, ta yar da tsohuwar.

Ranar kasuwa da hantsi Oumarou ya zo da jandarma biyu da tsinken ƙarfe mai tsawon kamu. Ba su yi wa kowa tsawa ba. Suka fara daga bakin layi, ana fito da jarkoki ana hudawa ana tarawa. Wasu suka yi ta roƙo, wasu suka yi ta zagi da Dendanci a ƙasa-ƙasa. Da aka iso kan Na-Allah bai roƙi kowa ba. Ya tsaya hannu goye a baya yana kallon ana soke abin da ya yi kwana uku-uku yana wankewa, kowace in tsinke ya shiga sai ta yi ɗan huci. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma can ƙasan zuciyarsa yana tuna biyar ɗin da ke ƙarƙashin gado da ɗayar da ke ɗakin girki, yana jin ya ci su da wayo.

Kullum da an kira azahar Bilki kan kawo masa abinci da kanta, ta ci nata a gida ta rufo nasa, ta biya ta addabi masu kifi ta koma. Ran nan aka yi salla aka fito, ba ta zo ba. Yana cikin leƙen hanya sai ga Zulfa, maƙwabciyarsu, mayafi a hannu, ƙafa ba takalmi.

"Malam, taho. Bilki tana asibiti."

"Mi yas same ta?"

"Wake tad dahwa, taz zuba sabon mai tac ci. Na ji ƙarar kwano, na leƙa na iske ta ƙasa tana kakkarwa, baki na kumhwa. Mun kai ta. Likita ya ce a kawo abin da man ke ciki, maza."

Oumarou na tsaye a gefe yana rubutu, ya ji kowace kalma. Bai tambayi komai ba. Ya miƙa wa jandarma littafin, ya tashi babur ya ce, "Hau, Baba."

A gida kwanon Na-Allah na nan a rufe bisa turmi, an ɗaure shi da ƙyalle, saura a ɗauka. Jarkar na gefen murhu. Ya sure ta suka wuce asibiti. Likitan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, Oumarou ne ya tsaya tsakaninsu. Likitan ya fito daga ɗakin da Bilki take, ya karɓi jarkar, ya buɗe ya sunsuna, ya kau da kai. Sannan ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga gindi. Yana neman takarda. Jarka fara sol, ko ɗigon ƙaro babu a jikinta, ba a taɓa ganin aikin da ya fita kamar wannan ba.

"Ya ce ina takardarta," in ji Oumarou. "Ya ce maganin hweshi iri-iri na. Wani akwai allurar da ka karya shi, wani babu, kuma allurar wanga tana iya ƙara ma mai wancan wahala. Sunan maganin shika nema."

"Tana nan," in ji Na-Allah. "Ban taɓa yad da ko ɗaya ba."

Suka koma kasuwa. Mutane suka ga tsohon da ba ya gudu ya diro daga babur da gudu, ya faɗa rumfarsa ya kama bango. Hannun nan da ke cire takarda ba ta yage ba, ran nan da farce ya riƙa ɓantara. Ƙaro ya kama gam, don shi ya manna. Wata ta fito rabi, wata ta taho da ta ƙarƙashinta, tsatsar kwano ta yanke shi a yatsu bai sani ba. Oumarou na tambayarsa ina ya liƙa na sababbin, ya nuna nan, ya nuna can, ya ce a'a wataƙila sama ne, don duk inda ya ga gefe ya ɗago nan yake mannawa. A ƙarshe suka ɗebe duk abin da ya saku suka cusa a buhu.

A barandar asibiti suka zazzage buhun. Likita da Oumarou suka durƙusa suna warewa, wannan gefe, wancan gefe, har aka yi tsibi bakwai. Guba iri bakwai ce a bangon da masu dako ke zuwa kallo. Likita ya ture huɗu ya ce ba a zuba su a irin wannan jarka. Saura uku, biyu masu ratsin rawaya, ɗaya mai ja. Ya ɗago ya dubi Na-Allah ya yi magana a hankali.

"Ya ce, wacce cikin ukun ga?"

Na-Allah ya durƙusa. Mutum ne da in ka kawo masa jarka bayan shekara biyar zai gaya maka ranar da ya wanke ta da wadda ta saya. Ya san wannan jarka, ya san ɗan lotsawar da ke kafaɗarta, ya san ita ce ta huɗu da ya wanke a cikin shida. Amma takarda, da zarar ta saki, shi a wurinsa ta gama aiki, ta zama ado. Ya ɗauki mai ja ya kara a jikin jarka, ta yi daidai. Ya ɗauki mai rawaya ya kara, ita ma ta yi daidai. Ya rufe ido yana neman ranar a bakin gulbi, yana ganin cokali, yana ganin ruwa, launin ne ya ƙi zuwa.

"Ban sani ba," ya ce.

Likita ya jinjina kai, ya ce zai yi aiki da abin da idonsa ya gani a jikinta, ya koma ciki. Kuma ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kowa ya shaida. Na-Allah ya zauna a ƙasa tsakiyar takardunsa. Da aka kira la'asar ya yi salla a inda yake, bai san raka'a nawa ya yi ba. Sau ɗaya aka bar shi ya shiga. Bilki ba ta gane shi ba, jikinta na fizga, sun ɗaure mata hannu da zanenta don kada ta tsige ƙarin ruwa. Ya kira sunanta sau biyu, aka fito da shi. Rana na gab da faɗuwa ta cika.

Bayan addu'ar bakwai aka kira shi ofishin jandarma, don doka ta ce mutuwa irin wannan sai an rubuta yadda ta auku. Aka kira Zulfa a matsayin shaida. Oumarou na wurin, jarkar na kan tebur. Jandarman ya fara tambaya ko an san inda jarkar ta fito. Oumarou ya sunkuyar da kai yana gyara takardunsa, ga alama ya so a rubuta ba a sani ba. Na-Allah ya miƙa hannu ya kwantar da jarkar, ya nuna tabon ƙusa a ƙarƙashin mariƙi, ya ce tasa ce, shi ya wanke, shi ya cire takarda, shi ya ɓoye ta daga tsinke, kuma akwai biyar a ƙarƙashin gado.

Sannan ya roƙi abu ɗaya, a nuna masa inda wankinsa ya gaza. Oumarou ya ɗauki wuƙa ya yanke mariƙin. Ashe mariƙin sabon samfurin nan rami ne a ciki, da 'yar ƙofa ƙanƙanuwa da yashi ba ya shiga. Wani abu mai kauri, ruwan ɗorawa, ya gangaro kan tebur. Ruwa da toka sun wuce ta gefensa kwana da kwanaki ba su taɓa shi ba, mai mai ɗumi ya kwana a kansa ya narkar da shi. Na-Allah ya daɗe yana kallon abin.

Aka juya kan Zulfa, aka ce ta faɗi abin da ta sani tun daga farko. Zulfa ta dubi Na-Allah, ta dubi ƙasa, ta ce ita daga faɗuwar Bilki ta sani. Jandarman ya ce an gaya masa tana gidan ranar da aka tatsi man. Na-Allah ya ce, "Hwaɗi, Zulfa. Ba abin da yar rage."

"Ina nan sadda taj juye man," in ji Zulfa. "Da ɗumin ya bugi bidon sai nij ji wani wari-wari ya taso. Nic ce, Bilki, ke da ad da hanci, ba ki ji komi ba? Ɗan sunsuna mana." Ta goge ido da bakin mayafi. "Sai tak kau da kai gehe, tar ruhe murhin. Tac ce, wankin Malam na, ba a sunsuna shi."

Jandarman ya rubuta. Na-Allah ya gane abin da Zulfa ta so ɓoye masa: macen da ke jin warin kifin da ya mutu jiya daga taku uku, ba yadda za a yi abin da Zulfa ta ji ya wuce ta. Ta ji, ta kau da kai, don kada a ce a gidansa an kai hanci ga abin da ya wanke.

Ba a ɗaure shi ba, ko da yake ya so a ɗaure shi. Aka rufe rumfar, aka huda biyar ɗin, aka ce ya tafi gida, hukuncin da ya samu ya isa. Da suka fito, a bakin ƙofa ya tsayar da Oumarou ya ce ya ba shi tsinken. Oumarou ya ce kayan gwamnati ne. Washegari ya je wurin maƙeri aka ƙera masa nasa.

'Yarsa ta yi ta roƙo ya ƙetara Gaya ya zauna da ita, 'yan'uwansa masu albasa suka ce ya zo ya riƙa zama a shagonsu ko don hira, ya ƙi. Shi ke nan yadda ya koma yawo. Yana bin kasuwa, yana bin bakin gulbi, ranar da ya samu mai rage masa hanya har gonakin Garou yake zuwa. An sha faɗa da shi, don ba kowace jarka ce yasasshiya ba, an taɓa ture shi ya faɗi a kwata. Maganar nan da yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba, ba a sake jin ta a bakinsa ba.

Abin da 'yan kabu-kabu ba su lura da shi ba shi ne, a gindi kawai yake huda, tsinkensa ba ya taɓa takarda. A aljihunsa akwai ɗan ƙullin ƙaro. In ya tarar gefen takardar ya ɗago, sai ya zauna ya jiƙa ƙaron ya manna ta, ya danne da babban yatsa har ta kama, sannan ya tashi.